Darasin wannan wata: yadda ake zaɓen eriyar oba-oba

 

Darasinmu na wannan wata ya shafi ɗan radiyon nan na hannu mai kai magana ya kawo, wanda ake kira oba-oba. Yau ana ganin shi hannun masu tsaron amfanin gona, da wakilan kwaparatib, da masu kashe wutar daji. Da yawa daga cikinku suna kuka da abu guda: mai kanti ya ce radiyon yana kai kilometir 10 ko fiye, amma da aka zo gida, daga gari zuwa bakin fadama ma sai shuuu ake ji. Galibi radiyon lafiyarsa lau. Abin dubawa shi ne ƴar sandar nan ta bisa kansa, wato eriya, wadda wasu ke ce wa antan. Ku karanta a tsanake, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, kuma ku aje takardar.

ME YA SA MAGANAR TA SHAFI MANOMI?

Dattawa ba su manta da farin 1988 ba, matasa kuma sun ga na 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005. Ko a shekarar da babu farin dango, ƴan fari na gida suna ƙyanƙyashewa bayan ruwan farko, ga jan baki lokacin da hatsi ya yi kai, ga wutar daji da kaka. Ɗango kafin ya yi fiffike yana tafiya a ƙasa, a tare, cikin ɗan fili. Mutum biyu da famfon feshi sun isa su gama da shi. In ya yi fiffike ya watsu, sai ma'aikatar kare tsirrai ta fito da motoci, wani lokaci har da jirgi. Tsakanin waɗannan biyun ƴan satittika ne kawai. Saboda haka labarin da ya iso yau ya fi wanda ya iso jibi daraja nesa ba kusa ba.

Za ku ce ai akwai salula. Gaskiya ne, kuma inda take aiki a yi amfani da ita. Amma kun san akwai kwarin da rezo ba ya shiga, akwai ranar da hadari ke katse shi, akwai ranar da ba kuɗin kira. Oba-oba ba ya bukatar ko ɗaya cikin waɗannan, kuma mutum guda in ya yi magana, duk ƴan ƙungiya suna ji a lokaci ɗaya. Sai dai duk wannan amfani yana rataye ga eriya.

TUKUNA, A NEMI IZINI

Kafin mu shiga batun ƙarfe, ga gargaɗi. Zangon da radiyo ke magana a kai dukiyar ƙasa ce, ba a shiga sai da izini. A Nijar hukumar ARCEP ce ke raba zanguna tun 2018, lokacin da ta gaji ARTP. Ƙungiyar da ke son aiki da oba-oba ta nemi izini a rubuce, ta sanar da hukumomin gari da na tsaro na Matamaye, kowane mai riƙe da radiyo kuma ya riƙa yawo da kwafin takardar. A halin da ake ciki na tsaro, wanda aka gani da oba-oba ba takarda ya jawo wa kansa tambayoyi. Kada ku taɓa zangon soja, ko na jandarma, ko na asibiti. Izinin Nijar kuma ya tsaya iyaka: in kun ƙetare Ɗan Barto kun nufi Daura, dokar Nijeriya ce ke aiki.

Takardar izinin tana da wani amfani: a cikinta aka rubuta lambar zangonku. Ba a iya zaɓen eriya sai da wannan lamba.

MENENE AIKIN ERIYA?

Eriya ita ce bakin radiyo, ita ce kuma kunnensa. Ba ta ƙara wa radiyo ƙarfi ko kaɗan. Ku ɗauke ta kamar hanyar ruwa a garka: rijiya ce ke ba da ruwa, hanya mai kyau tana kai shi ga fangali, hanya mai yoyo tana zubar da shi a rairayi. Radiyon hannu yana fitar da wat 4 ko 5. Guntuwar eriyar roba da ake saye tare da shi waya ce aka naɗe kamar gammo don ta shiga aljihu, kuma rabo mai yawa na wannan ƙarfi yana ɓacewa cikinta. Eriya mai kyau tana rage wannan hasara, wajen faɗa da wajen ji duka.

Maganar radiyo tana tafiya cikin iska kamar igiyar ruwa in an jefa dutse a tabki. Kowace igiya tana da tsawon takunta. Lissafin ba wuya: a raba 300 da lambar zango, wadda ake rubutawa da MHz, sai a samu tsawon takun da metir. Tashar FM da ke kan 100 MHz takunta metir 3 ne. Zangon 150 MHz takunsa metir 2. Zangon 450 MHz takunsa bai kai santimetir 70 ba.

Eriyar sanda tana aiki sosai in tsawonta ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na takun. Don ku samu wannan tsawo da santimetir, ku raba 7100 da lambar zangonku:

- 150 MHz: santimetir 47
- 165 MHz: santimetir 43
- 450 MHz: santimetir 16

Ku lura da abin da lissafin ya nuna. A kan 450 MHz guntuwar eriyar da ta zo da radiyo ta kusa cika tsawonta, don haka canza ta ba zai kawo bambanci mai yawa ba. A kan 150 MHz kuwa ko rabin tsawon da ake bukata ba ta kai ba. A nan ne doguwar eriya ke biyan kuɗinta.

VHF KO UHF?

A jikin radiyo, ƙarƙashin batir, akwai ƴar takarda. Ɗaya daga cikin radiyon da ake yawan gani a kasuwa shi ne Baofeng UV-5R na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2012. Yana aiki a gida biyu: VHF, daga 136 zuwa 174 MHz, da UHF, daga 400 MHz zuwa sama. UHF ya fi dacewa da cikin birni, tsakanin gine-gine. A karkara irin tamu VHF ya fi tafiya, don ganyen itace bai cika shanye shi ba kamar yadda yake shanye UHF.

Wannan batun ganye ku riƙe shi, don ƙasarmu ta gawo ce. Gonakin Matamaye, da Magarya, da Mirya sun cika da gawon da manoma suka raina da hannunsu. Gawo kuwa kun san halinsa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani. Dogon yaro da mangwaro na cikin gari ba sa rabuwa da ganye, rake a fadama yana fin mutum tsawo, hatsi ma haka a watan Agusta. Shi ya sa wurin da magana ke kaiwa da bazara ba lalle ta kai da kaka ba.

TSAWON WURI YA FI ƘARFIN RADIYO

Ga babban abin da ya kamata ku fahimta a wannan darasi. Maganar oba-oba tana tafiya miƙe ne kamar hasken tocila, ba ta iya zagaya tudu sosai. Duniya kuma a dunƙule take, don haka ko a fili fetal akwai inda magana ke tsayawa. Mutum biyu a tsaye, kowa da radiyo daidai bakinsa, iyakar da lissafi ya ba su kamar kilometir 10 ne, in babu komi tsakaninsu. Da jigawa, da itatuwa, da gidaje, abin da ake samu galibi kilometir 2 zuwa 5 ne. In aka ɗaga eriyar ɗayansu bisa sanda mai metir 9, iyakar lissafin ta koma kilometir 17. In duka biyun aka ɗaga, ta kusa 25.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in kun ninka tsawon wurin da eriya take, kamar kun ninka ƙarfin radiyo sau huɗu ne. Shi kuwa ƙarfi, ko an ninka shi sau biyu, nisan da yake ƙarawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ga shi yana cinye batir. To, ku gani: mai saye radiyon da aka rubuta wa wat 8 ko 10 ya kashe kuɗi, wanda ya hau tudu ko ya tsaya bisa amalanke bai kashe ko dala ba, kuma sau da yawa shi za a fi ji.

IRIN ERIYA HUƊU DA AIKIN KOWACE

Ta ɗaya, guntuwar roba. Kada ku yar da ita. Ta isa aikin kasuwa, da rabon taki a magaza, da magana daga wannan gona zuwa waccan. Ba ta karyewa da sauƙi.

Ta biyu, doguwar bulala, mai santimetir 40 zuwa 50, mai lanƙwasa. Ita ce ta mai yawo cikin gonaki. Wadda aka fi sani ita ce Nagoya NA-771, mai kamar santimetir 39. An daidaita ta ne kan 144 da 430 MHz. In zangonku ya yi nisa da waɗannan, misali 165 ko 170, ku nemi wadda aka yanka daidai da naku. Aibinta: tana saƙalewa a ƙaya, kuma nauyinta yana wahal da mahaɗin radiyo in ana gudu bisa moto.

Ta uku, mai zugewa kamar ta radiyon sauraro, wadda ke kai metir guda in an ja ta duka. A kan VHF ta fi bulala kai magana. Amma ta tsayuwa ce: a tsaya, a ja ta, a yi magana, a maida ta. In ta lanƙwashe sau ɗaya ta gama aiki, kuma ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓinta.

Ta huɗu, eriyar bisa sanda, wadda ake kafawa a gari, a jawo waya zuwa ɗaki. Wannan ita ce ta ƙungiya: a magazar kwaparatib, ko bankin cimaka, ko gidan mai gari. In kuɗinku na abu ɗaya ne tak, ku sa shi a nan, don eriya guda a sama tana amfanar duk masu yawo a ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma mai kama da tsani a kwance, wadda ake kira Yagi, da sunan ɗaya daga cikin malamai biyu na Japan da suka ƙago ta a 1926. Tana tura magana gefe guda kawai. Tana da amfani in kullum wuri ɗaya kuke kira, kamar daga Yauri zuwa Matamaye, amma wanda ke bayanta ba zai ji ku sosai ba.

KU DUBA MAHAƊI KAFIN KU BIYA

Nan ne mutane da yawa ke hasarar kuɗi. Inda eriya ke ɗaurewa ga radiyo iri-iri ne. Wanda ya fi yawa sunansa SMA, kuma yana da namiji da mace. Ku kwance eriyarku ku leƙa. In kun ga ƴar allura a tsakiyar mahaɗin radiyo, kamar yadda yake a Baofeng, eriyar da za ku saya sai mai rami. In rami ne a radiyo, kamar wasu na Yaesu, sai mai allura.  Akwai kuma BNC, wanda ake turawa a murɗa kaɗan. Wasu ƙananan radiyo na Turai masu rabin wat, eriyarsu ba ta kwancewa sam. Kada ku tilasta mata.

Shawara: ku tafi kasuwa da radiyonku, ku ɗaura a gaban mai kanti. Kada ku aika a sayo muku da baki.

Jabu ya yi yawa, musamman na Nagoya. Wata eriyar roba ce doguwa, wayar cikinta guntuwa. In an rubuta lambar riba mai girma, kamar dB 10 ko fiye, a jikin bulalar da ba ta fi kamu ɗaya ba, ƙarya ce. Kowane dB 3 ninki biyu ne, kuma sanda mai wannan tsawo ba ta iya ba da haka. In kuɗinta ya yi arha ƙwarai, ku tuna araha ba ta ado.

ERIYAR DA ZA A IYA ƘERAWA A GIDA

Mai gyaran radiyo na kasuwar Matamaye zai iya yi muku eriyar bisa sanda. Abin da ake bukata: mahaɗi guda mai faranti da huda huɗu, wanda ake kira SO-239, da wayar jan ƙarfe mai kauri, da dalma. Ga yadda ake yi don 150 MHz:

1. A yanka waya guda mai santimetir 47, a like ta da dalma a tsakiyar mahaɗin, ta tsaya sak tana duban sama.
2. A yanka huɗu masu santimetir 50, a ɗaura kowace a huda guda ta farantin.
3. A lanƙwasa huɗun nan ƙasa, rabin hanya tsakanin kwance da tsaye, kamar saiwar itace.
4. A ɗaure ta a ƙolin gora ko bututun ƙarfe, ta wuce rufin kwano, ta nisanci wayar lantarki.
5. A naɗe mahaɗin da roba sosai don kada ruwa ya shiga.

In zangonku dabam ne, ku koma ga lissafin 7100, ku ƙara wa saiwoyin santimetir 2 ko 3.

Wayar da ke saukowa ita ma tana shan rabonta. Sai an sa waya ta musamman mai om 50. Ta talabijin om 75 ce, ba ta dace ba. Siririyar da ake kira RG-58, in ta kai metir 10, tana cinye kamar sulusin ƙarfin a VHF, fiye da rabi a UHF. Mai kauri, RG-213, ta fi tsada, amma hasararta kamar rabin haka ce. Don haka kada waya ta wuce bukata, kada a bar saura a naɗe. Tsakanin waya mai kauri da radiyo a sa ƴar siririya mai taushi, don kada nauyi ya ɓalle mahaɗin.

Ga wata dabara ta mai yawo, wadda ba ta cin kuɗi: siririyar waya mai santimetir 50, a maƙala bakinta ga ƙarfen gindin eriya ta waje, a bar ta tana reto ƙasa. Tana cika wa eriyar rabin da ta rasa, kuma a VHF sau da yawa ana jin bambanci.

A GWADA KAMAR YADDA AKE GWADA IRI

Kun san gonar gwaji: ƙasa ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya, iri kawai ake bambantawa. Haka za ku yi wa eriya. Mutum ɗaya ya zauna a gari. Ɗaya ya tafi inda magana ke fara yankewa. Ya tsaya wuri guda, batir a cike, ya ƙirga ɗaya zuwa goma da tsohuwar eriya, ya kashe radiyo, ya ɗaura sabuwa, ya sake ƙirgawa. Na gari ya ba kowace maki daga 1 zuwa 5 a cikin kaye. A yi haka gabas, da yamma, da kudu, da arewa, a maimaita da damina. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ƙarshe za ku san tuddan da ake kira daga kansu, da kwarin da ba a ji. Ku sanar da kowa.

Ku san wannan kuma: ƙananan radiyo masu arha, in an ɗaura musu babbar eriya kusa da tasha mai ƙarfi, kamar cikin birnin Damagaram, suna iya kurmancewa, don hayaniya ta yi musu yawa. In haka ta faru, eriyar ba ta lalace ba. Ku matsa nesa, ko ku maida guntuwar.

ABUBUWA BAKWAI DA ZA A KIYAYE

1. Kada a danna maɓallin magana in babu eriya a ɗaure. Radiyon yana iya ƙonewa.
2. A riƙe radiyo a tsaye, eriya na duban sama. In ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, yawancin maganar ta ɓace.
3. A bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin baki da radiyo, eriya kuma kada ta taɓa fuska ko ido.
4. Kada a ɗauki radiyo ta eriya, kada a rataye shi da ita.
5. Kada a yawaita kwancewa da ɗaurawa; mahaɗin yana cinyewa.
6. In hadari ya taso, a cire wayar eriyar bisa sanda daga radiyo, a fitar da bakinta waje, kowa ya nisance ta. Sandar ƙarfe a haɗa gindinta da wani ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa. Wanda ke fili kuma ya sauko daga tudu, ya aje kira sai an ɗauke.
7. In magana na kaiwa da ƙaramin ƙarfi, wato wat 1, a bar radiyo a kai; batir zai daɗe.

TAMBAYOYI DON ZAMAN ƘUNGIYA

Wace lamba ce zangonku, kuma santimetir nawa ya kamata eriyarku ta kai? Ina ne wuri mafi tsawo a garinku da za a iya kafa sanda? Wa zai riƙa sauraro, kuma a wane lokaci, safe da marece? In an ga ɗango, wa zai kai labari ga malamin gona, kuma me zai faɗa? Amsar ta ƙarshe ku hardace ta: sunan wurin, faɗin filin da ƙwarin suka kama, ko sun yi fiffike, da irin shukar da suke ci.

Ku tattauna, ku aiko mana da sakamakon gwajinku ta hannun malamin gona na garinku, za mu karanta a shirin manoma. Kada ku jira sai an yi shuka. A kafa sanda, a yi gwaji tun da bazara, don rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gonarmu. Amin.